Holancin Yacouba da Sunan Inna

Ras Al Khor, Dubai
6 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga taubashiyata Haoua,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mato da yara. Yaya Rotterdam, yaya ruwan saman nan naku da ba ya gajiya? Yaya tsofaffin da kike kula da su a wurin aiki? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi, sai gwiwar hagu da ta fara yi mini gardama in na hau tsani ɗauko kayan mota. Zafi ya soma sauka a nan, har mutum yana iya tsayawa ƙofar shago bayan la'asar bai narke ba. Mutanen Maraɗi ma mun yi waya ranar Juma'a, duk ƙalau suke.

Kin ce kin gaji da saƙon muryata, wai sai in yi minti tara ina magana ban faɗi komai ba. To ga takarda ga biro, in na gama in ɗauki hoto in turo miki.

Haoua, tun da kika gaya mini kamfanin furannin da 'yata Uwa take wa aiki zai turo ta Dubai a watan Fabrairu, kwana huɗu, ban sake jin daɗin abinci ba. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Tana da shekara uku na bar ta, lokacin da takarduna suka ƙi fitowa aka ce in koma gida, ita da mahaifiyarta Sadia suka zauna. Sauran labarin kin fi ni saninsa, tunda ke kika yi jinyar Sadia har Allah Ya karɓi abinSa. Yanzu 'yata za ta sauka a garin da nake, tsakanin filin jirgi da shagona bai fi tafiyar minti ashirin ba, kuma ban sani ba ko za ta yarda ta gan ni.

Ba ta jin Hausa. Faransancinta kin ce na gaisuwa ne, ni kuma Ingilishina bai wuce na ciniki ba. Holancin da na tsinta a shekara huɗu ina loda motoci a tashar jirgin ruwa duk ya zube, sai dank u wel, wato na gode. Da Sadia ta rasu na rubuta mata ta'aziyya, na sa waya ta juya mini, har yau ba ta amsa ba.

Roƙona shi ne ki rubuta mini wasiƙa mai kyau da Holanci, irin wadda za ta taɓa zuciya, ni kuma in kwafe da hannuna. Kada ki ƙi ni. Kakana da kakarki ciki ɗaya suka fito, kuma ni na koya miki hawan keke, ga shi yanzu kina ƙasar kekuna kina cin moriyar wahalata.

Naki,
Yacouba


Rotterdam
13 ga Oktoba, 2024

Yaya Yacouba,

Wa alaikumus salam. Mu duk lafiya, Mato yana gaishe ka, ya ce a gaya maka gwiwa ba ta ƙarya, tsufa ne. Ruwa kuwa yau kwana shida yana zuba. Keken da kake gori a kai, ka manta a cikin kwata ka sake ni? Tabon yana nan a haɓata.

Ba zan rubuta maka wasiƙar ba. Ka saurara kafin ka yi fushi. 'Yarka, wadda kai kake ce wa Uwa mu kuma a nan muke ce wa Nima, ta nuna mini ta'aziyyar nan taka tun a lokacin. Ta ce, "Tante," wato goggo, "wannan ba shi ya rubuta ba, waya ce. In yana da abin faɗa mini, ya faɗa da kansa." In na rubuta ka kwafe, layi biyu za ta karanta ta gane muryata. A hannuna ta girma, ta san har irin kurakuraina.

Amma zan koya maka. Wata huɗu gare mu. Ni da na zo ƙasar nan ban san ko ja da nee, wato i da a'a, ba, a bakin tsofaffi na koya, masu kurumta da masu faɗa, kai kuwa ka yi lakwal, makarantar boko, kana da Faransanci. Sharaɗina: duk mako biyu ka rubuto da hannu, ni kuma in gyara da jan biro.

Ga darasi na farko, kuma shi ne ke kayar da mutanenmu. A Holanci, aikatau, wato kalmar da ke ɗauke da aikin, kujerarsa ta biyu ce a jimla. Kamar direba yake, ko wa ya shiga motar shi ba ya sauya wurin zama. Ik werk vandaag, ina aiki yau. Werk ne aikatau, ga shi na biyu. To in ka fara da "yau", bakinka na Hausa zai so ya ce vandaag ik werk. Kada ka bar shi. Vandaag werk ik ake cewa. "Yau" ta shiga gaba, direba yana kujerarsa, kai ik ka koma baya. Na san komawa baya ba halinka ba ne, amma ka daure.

Ka rubuto mini jimla goma a kan yininka, biyar su fara da lokaci. Na haɗo maka hoton kalmomi ɗari. Ka karanta su da ƙarfi, harafin g kuma ka fito da shi daga maƙogwaro kamar mai kaki.

Taka,
Haoua


Ras Al Khor
2 ga Nuwamba, 2024

Malama Haoua,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya Mato da bakinsa? Gwiwa da sauƙi, na samu wani man shafawa a Al Ras wurin masu kayan yaji. Ki yi haƙuri na makara da mako guda, kwantena biyu muka loda zuwa Kwatano.

Jimlolin suna shafi na biyu. Ga uku da nake alfahari da su. Vandaag verkoop ik een motor, yau ina sayar da inji. Om vier uur drink ik thee, ƙarfe huɗu nake shan shayi. Morgen ga ik naar de moskee, gobe zan je masallaci. Kin ga direba bai motsa ba.

Akwai wani abokin aikina, Abednego, mutumin Kafanchan, mai gyaran wayoyin mota, shagonsa na manne da nawa. Ya ji ina ta fama da g ɗin nan taki sai ya shigo da ruwa a kofi, wai ya zaci ƙaya ce ta maƙale mini. Da na gaya masa dalili bai yi dariya ba. Yanzu shi ke riƙe takardar yana tambaya ta. In na yi jinkiri sai ya ce, "Yalla, Alhaji, yalla, Fabrairu ba za ta jira ka ba."

Amma ina da ƙara. Wane ne ya raba wa kalmomin nan de da het? De auto, amma het wiel. Mota de, ƙafarta het. A Faransanci aƙalla an ce mana mace da namiji. Na ga de dochter, 'ya, na ga het kind, yaro ko yarinya. Na daɗe ina kallon biyun nan. Het kind na bari, de dochter za ta zo.

Ki koya mini yadda ake cewa "saboda". Duk abin da nake son gaya mata da "saboda" yake farawa.

Yana cin abinci sosai kuwa, mutumin naki? Ita nake nufi. Tana sa rigar sanyi?

Ɗalibinki,
Yacouba


Rotterdam
17 ga Nuwamba, 2024

Yaya,

Muna lafiya, sai ɗan mura da ya zagaye gidan ya wuce. Bakwai cikin goma ka ci. Ban yi zato ba, amma kada kanka ya kumbura. De da het kuwa babu wanda zai ba ka dalilin da zai gamsar da kai. Ka haddace kowace kalma da nata, kamar yadda ka haddace lambobin kayan mota. In ka rasa ka ce de, ita ta fi yawa.

Tana cin abinci, tana sa rigar sanyi. Doguwa ce, tana da saurin tafiya, kuma ba ta da kwana-kwana a magana. Haka 'ya'yan nan suke.

"Saboda" shi ne omdat, kuma a nan ne direba yake tashi. In omdat ta shigo, aikatau sai ya tafi can ƙarshen jimla. Ik leer Nederlands omdat ik een dochter heb. Ina koyon Holanci saboda ina da 'ya. Ka ga heb can a ƙarshe? Haka in ka ce dat ko als, wato "cewa" da "idan".

Akwai kuma aikatau masu rabewa biyu. Ophalen, zuwa ɗauko mutum. Ik haal je morgen om vier uur op, zan zo in ɗauko ka gobe ƙarfe huɗu. Rabi a kujera ta biyu, rabi a ƙarshe. Har "a'a" ɗinsu, niet, sau da yawa sai an kusa rufe baki take fitowa. Wata tsohuwa da nake yi wa wanka ta taɓa riƙe mini hannu ta ce, "Yarinya, ki bari in gama." Na sha yin kuskure saboda ina jin rabin magana in ruga. Wannan darasin naka ne musamman, domin tun muna yara ba ka taɓa barin mutum ya kai aya ba. In Allah Ya sa kun zauna da ita, ka rufe baki har ta gama.

Ka fara tsara wasiƙarka. Gajera. Kafin ƙarshen shekara nake son ta isa hannunta.

Haoua


Al Satwa
15 ga Disamba, 2024

Haoua,

Ina gaishe ki da iyali. Yau Lahadi, ina ɗaki, masu ɗinkin ƙasanmu sun cika unguwa da ƙarar keke. Lafiyata ƙalau.

Ga ta nan. Sau tara na sake ta.

Goedendag Uwa. Hoe gaat het met je gezondheid? Hoe gaat het met het werk? Hoe gaat het met de kou? Hoe gaat het met de buren? Na tambayi lafiyarta, da aiki, da sanyi, da maƙwabta, na kuma gaida shugabanta na wurin aiki. Sai na ba ta labarin kaina: ina sayar da kayan mota, Dubai akwai zafi, gwiwata na ciwo kaɗan. Na yi wa mahaifiyarta addu'a. A ƙarshe na ce, In februari kom je naar Dubai. Als je tijd hebt, drinken wij thee. In kina da lokaci, mu sha shayi.

Ban so in matsa mata ba. Babba ba ya zubar da kansa gaban ɗansa, balle na fari. Mai hankali ce, za ta gane abin da ke ƙarƙashi.

Ki duba mini direbobin.

Yacouba


Rotterdam
20 ga Disamba, 2024

Yaya,

Lafiya lau muke. Kuskure uku kawai, na zagaye su da ja. Ka sake kwafewa ka turo. Wallahi da na ga kalma ta biyu a wasiƙar sai da na ajiye biro na share ido. Ranar ɗaya ga wata za ta zo cin abinci, zan ba ta da hannuna.

Haoua


Rotterdam
3 ga Janairu, 2025

Yaya Yacouba,

Ina gaishe ka, ina fatan gwiwa ta lafa. Mu lafiya. Kwana biyu ina juya yadda zan rubuta wannan, ban samu hanya mai laushi ba.

Ta zo da rana, da ledar fanken nan nasu na sabuwar shekara. Bayan mun ci na miƙa mata takardar da na buga. Ta karanta a tsaye a kicin, sau biyu. Ta ce, "Geen één fout." Babu kuskure ko ɗaya. Har na fara murmushi. Sai ta ɗago ta ce, "Maar wie is Uwa?" Wace ce Uwa?

Ta ce, "Sunan wata 'yarsa ce ta can? Ya rikita mu ne? Shafi guda, ya tambayi maƙwabtana, ya gaida shugabana, bai rubuta sunana ba ko sau ɗaya. Bai ce ya yi kewata ba. Bai ce ya yi nadama ba. Shayi yake so mu sha." Na buɗe baki na ce, "Nima, a wurinmu..." Ta ɗaga hannu. Ta ce, "Tante, shekara ashirin ana yi mini bayaninsa. Na gaji." Ta ninke takardar ta ajiye kan firji, ta ɗauki kekenta.

Laifin nawa ne fiye da naka. Ni na san sunan Inna, mahaifiyarka, aka sa mata, Allah Ya jiƙan Inna. Na san ba ka iya furta shi, shi ya sa kake ce mata Uwa. Da idon Maraɗi na karanta wasiƙarka, na ga ƙauna a kowane layi, na zauna ina farautar aikatau. Na manta cewa tun da ka tafi babu wanda ya sake kiranta Uwa. Sadia ba ta iya ba, in ta faɗa sai kuka. A makaranta suka gajarta sunan ya koma Nima, mu ma muka bi. Ba ta tuna komai. Ba ta ma san sunan wa take ɗauke da shi ba, kuma ni ban taɓa tunanin in gaya mata ba.

Ka yafe mini. Har yanzu akwai mako shida.

Haoua


Rotterdam
21 ga Janairu, 2025

Yaya,

Lafiya kuwa? Kwana goma sha takwas ba takarda, ba murya. Na ga kana buɗe saƙonnina. Mato ya kira ka sau biyu ka ce kana loda kaya. Wace irin kwantena ce wannan da ba ta cika?

In fushi kake da ni, ka zage ni, taubashiyarka ce ni, na saba. In da ita kake fushi, ka tuna ba ta taɓa kwana a Maraɗi ba. Takardar fa ba ta yaga ta ba. Da ta dawo ɗaukar laimarta na duba kan firji ban gan ta ba.

Ko da jimla ɗaya ce ka rubuto, ko aikatau ya zauna a rufin motar ban damu ba.

Haoua


Ras Al Khor
28 ga Janairu, 2025

Haoua,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, jiki dai. Ki gaida Mato, ki ce masa ƙarya na yi, babu wata kwantena.

Fushi na yi, ba zan ɓoye ba. Na tattara takardunki na cusa a kwalin fitilun mota. Na ce ni da na ba yarinyar nan suna mafi tsada a duniyata, na kuma girmama ta da ƙin faɗarsa, ita ce za ta ce ban san sunanta ba? Haoua, shekarata hamsin da takwas, ban taɓa furta sunan Inna ba. Ko a ofishin biza, in an zo gurbin sunan uwa, tsohuwar takarda nake miƙa wa ma'aikacin ya kwafa.

Ranar Alhamis muna cin abincin rana, Abednego ya kira 'yarsa a Kaduna. "Louisa! Louisa, kin ci abinci? Louisa, ki ji mana!" Sai da na ƙirga, sau takwas a waya ɗaya. Na ji haushi, sannan na gane kishi ne. Na tashi na shiga sito na zauna kan taya.

A nan na tuna. Ni ma ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai," take cewa, ko ta ce wa ƙannena, "Ku kira mini wanku." Ba ta taɓa yaba mini a gaban mutane ba. Ranar da zan tafi Turai ko ƙofar gida ba ta rako ni ba, tana tankaɗe ta ce Allah Ya kiyaye, ba ta ɗago ba. Ina yaro abin yana ci mini rai. Amma duk matan unguwa sun sha jawo ni su ce, "Kunya ce, kai ne na fari, ai duk ta fi son ka." Mahaifiyarki ce ta gaya mini Inna ta yi kwana uku ba ta ci abinci ba bayan tafiyata. Ni unguwa guda ta fassara mini shirun Inna. Ita wa ya fassara mata nawa? Na tafi na bar ta da shiru, na dawo bayan shekara ashirin da ɗaya na ƙara mata wani shirun, na ce ta gane.

Na yi wa Inna addu'a bayan azahar, na roƙi gafararta, na rubuta wannan. Ki tura mata yadda take. Kada jan bironki ya taɓa ta.

Ik zeg jouw naam niet omdat het is de naam van mijn moeder. Bij ons een zoon zegt die naam niet. Uwa betekent moeder. Toen jij was klein, ik noemde jou zo. Ik heb geen andere Uwa. Ik ben je niet vergeten, geen dag. Het spijt me. Ik mis je, Ni'imatu.

Na gaya mata dalilin, na ce ba ni da wata Uwa sai ita, ban manta da ita ba ko kwana ɗaya, na ba ta haƙuri, na ce ina kewarta. Kalmar ƙarshe kin gan ta.

Yacouba


Rotterdam
2 ga Fabrairu, 2025

Yaya,

Mu lafiya, Allah Ya ƙara maka lafiya. Direbobinka huɗu sun bar kujerunsu, hannuna har ƙaiƙayi yake yi, amma ban taɓa ba. Hoton na tura mata kai tsaye, da lambar wayarka, ban ƙara ko kalma ba.

Ta buɗe. Ba ta ce komai ba, yau kwana huɗu. Jirginta ranar goma sha shida ga wata. Kada ka je filin jirgi, na san halinka. Ka jira ta kai aya.

Ina yi maka addu'a a kowace salla.

Haoua


Al Ras, Dubai
18 ga Fabrairu, 2025

Haoua,

Lafiya, lafiya, kowa lafiya, ki gaida kowa. Yau ki yafe mini gaisuwar. Ina rubuto miki ne a kan teburin mai shayi, ko magariba ba a kira ba.

Ban je filin jirgi ba. Lahadi ta wuce, ban ji komai ba. Jiya Litinin da hantsi ina cikin ciniki da wani Basudane saƙo ya shigo. Ik heb morgen om vier uur tijd. Waar? Na bi jimlar da yatsa har ƙarshe ina neman niet, babu. Tana da lokaci gobe ƙarfe huɗu, tana tambaya a ina. Na ce wa Basudanen khalas, shi ke nan, ya ɗauki kayan yadda ya taya. Na rubuta mata, Al Ras, bij het water, bakin ruwa inda kwale-kwale suke tsayawa.

Da safe kafin Abednego ya zo na shiga sito na gwada faɗar sunan. Tayoyi kawai ke wurin, amma sau uku ina buɗe baki ba abin da ya fito.

Tun ƙarfe uku ina tsaye. Kwale-kwale biyar suka sauke mutane. A na shida na hango wata doguwa ta taka tudu tun kafin a ɗaure igiya, tana tafe da sauri, kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Haoua, kin ce mini doguwa ce, ba ki ce mini tafiyar Inna gare ta ba.

Ta tsaya a gabana, ba murmushi. Na ce, "Goedemiddag, Ni..." sai harshena ya ƙage. Masu dako suna wucewa da buhunan citta suna cewa a ba su hanya. Ba ta taimake ni ba, ba ta kuma kau da kai ba. Tsayawa ta yi tana jira in gama. Na ce a raina, Inna ki yafe mini, na ƙarasa shi duka, da ƙarfi, har wani Bahindiye ya waiwayo.

Sai ta ce a hankali, yadda zan gane, "Eén keer is genoeg, papa. Zeg maar Uwa." Sau ɗaya ya isa, in ci gaba da ce mata Uwa.

Babban da ba ya zubar da kansa gaban ɗan fari ya yi kuka a bakin ruwa, gaban masu dako. Ban ji kunya ba.

Mun sha shayin. Awa biyu. Ta yi magana mai yawa, wata da zafi, ta yi tambayoyin da suka cancanta. Kashi ɗaya cikin biyar na gane, amma ban katse ta ba ko sau ɗaya, ki rubuta wannan a littafinki. Ba komai ya warware ba, na sani. Can ta ce, "Hoe was zij?" Yaya take, mai sunan? Na fito da ɗan hoton Inna na katin shaida, wanda ta ɗaure fuska a ciki. Na so in ba ta labari, kalmomi suka ƙare. Na ce het moeder, ta gyara mini, de, ta yi dariya a karon farko. Haoua, wushiryar Inna ce. Ita ce sak.

Gobe da la'asar za ta dawo, jirginta sai jibi. Ki turo mini kalmomin nan yau, don Allah, kowace da de ko het ɗinta: tankaɗe, rini, fura, haƙuri, kunya. Kuma yaya ake cewa wushirya? Ina so in gaya mata inda ta samo tata.

Ɗalibinki,
Yacouba